Naman da aka zuƙe wa iska a leda ko aka nutsar a mai: yaya ake kauce wa gubar botulizim?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu sarrafa nama ce da masana abinci. Kaya uku ake magana a kai: kilishi, dambun nama, da soyayyen nama irin na layya da ake zubawa a kwalba a rufe shi da mai. Ana so a riƙa ɗura kilishin da dambun a leda mai kauri, a zuƙe iskar da inji a liƙe, su tafi Legas da Fatakwal ba firij, su kuma yi kamar wata 2 a kanti. Akwai kuma niyyar fara sosejin naman sa mai hayaƙi.

Na san zuƙe iska yana hana fumfuna, yana kuma hana mai canza wari. Amma an ce rashin iskar nan shi ne abin da ƙwayar botulizim take so. To wanne ne ya fi haɗari cikin kayan nan? Bushewa nawa ce ta isa? Gishiri da yaji sun wadatar, ko sai an sa gishirin nan mai launin hoda? Wasu sun ce kanwa tana yin aikinsa, gaskiya ne? Sannan idan aka tafasa kwalbar nama a tukunya na awa 3, ta tsira?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, kuma gara da kika tambaya tun kaya bai shiga kasuwa ba.

Sunan ƙwayar Clostridium botulinum. A ƙasa take zaune, da laka, da hanjin dabbobi. Idan wuri bai yi mata ba sai ta dunƙule ta koma iri mai ƙwanso mai tauri, kamar irin ciyawa da ke kwance a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Wannan iri yana iya biyo nama tun daga mayanka, yana iya zuwa a citta, barkono, tafarnuwa, albasa, ko ƙurar da ta sauka kan shanya. Ba yadda za a yi a ce an wanke shi kaf. Babba mai lafiya yana haɗiye shi ya wuce ba abin da ya same shi. Bala'in yana faruwa ne idan irin ya tsiro a cikin abinci, ya hayayyafa, ya zuba dafi. Dafin ne yake kisa, kuma ɗan kaɗan ya isa.

Abu huɗu yake nema a lokaci guda kafin ya tsiro: rashin iska, danshi, rashin tsami, da ɗumi. Tsamin da ke tsayar da shi sai ya kai ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH, nama kuwa galibi tsakanin 5.5 da 6.2 yake, don haka wannan ƙofar a buɗe take a kowane nama. Ɗumi kuma ƙasarmu ta ba shi kyauta, domin tsakanin digiri 25 da 37 ne ƙwayar take sheƙe ayarta. Saura iska da danshi. Ranar da kika zuƙe iska, danshi kaɗai ya rage tsakanin mai saye da gubar. Shi ya sa injin zuƙe iska ba ya adana nama. Abin da ya riga ya adanu yake ƙara wa kwana.

Ƙwayar gida biyu ce, kuma sanin wannan yana da amfani. Gida na farko ba ya tsirowa ƙasa da digiri 10, amma irinsa yana jure tafasa ta sa'o'i. Kamfanonin gwangwani sai sun kai tsakiyar abinci digiri 121 na aƙalla minti 3 suke cewa sun gama da shi. Gishirin da ke tsayar da shi sai ya kai kashi 10 cikin 100 na ruwan da ke jikin naman. Gida na biyu irinsa bai kai haka tauri ba, digiri 90 na minti 10 yana rage shi ƙwarai, gishiri kashi 5 yana tsayar da shi, amma yana tsirowa a sanyin digiri 3 zuwa 4, wato har a firij ɗin da bai yi sanyi sosai ba. Kuma wannan gida na biyu ba ya ruɓar da nama. Ba wari, ba yauƙi, leda ba lalle ta kumbura ba. Don haka duk wanda ya ce miki a shinshina ko a ɗanɗana a gani, kada ki saurare shi.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Ɗanyen nama cike yake da wasu ƙwayoyin da ke saurin ruɓar da shi, su sa wari, a zubar. Idan aka dafa ko aka soya, waɗannan duk sun mutu, iri mai ƙwanso kaɗai ya rage, ba mai gasa da shi. Shi ya sa dafaffen naman da aka rufe aka bari a ɗumi ya fi ɗanye haɗari ta wannan fuskar.

Jerin haɗarin a kayanki: naman cikin mai shi ne a sama, da tazara mai nisa. Mai yana toshe iska kamar yadda leda take yi, gutsuren kuma idan yana da kauri tsakiyarsa da sauran ruwa ko da bayansa ya yi ƙarau. A 1983 a garin Peoria na Amurka mutum 28 suka kamu daga soyayyar albasa da aka bari cikin man girki a gefen murhu da ɗumi-ɗumi tsawon yini. Albasa ce kawai, balle nama. Dambu ne na biyu, saboda bushewarsa ta dogara da hannun mai suya. Kilishi shi ne mafi sauƙi, matuƙar ya bushe da gaske. Sosejin kuwa babi ne na daban, ba ya rayuwa sai da firij.

Ɗan Fawa:

Hajiya, bari in ɗora a kan maganar Malam ta ɓangaren bushewa, domin a nan aikin yake lalacewa.

Kilishi sau biyu ake shanya shi, kuma a na biyun ake yin sakaci. Shanyar farko ba ta da wuya: a fere tsoka zalla, a cire kitse da jijiya, kaurin kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, a baza kan gadon kara inda iska ke ratsawa ta ƙasa. Ki auna kafin shanya, ki auna bayanta. Tsokar sa kusan kashi 73 cikin 100 ruwa ce, don haka kilo 1 ya kamata ya sauko kusan giram 400 ko ƙasa da haka kafin a taɓa labu. To sai a tsoma a labu, wato tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da aka dama da ruwa. Kin ga an mayar masa da ruwan da aka cire, an kuma ƙara masa kayan da suka fito daga ƙasa. Idan labun ya yi kauri a wani wuri, ko gefen nama ya naɗe, wannan wurin zai bushe a sama ya bar laushi a ciki. Gashin ƙarshe da ake yi a kan garwashi na 'yan mintuna ne, yana ba da ƙamshi yana kashe ƙwayoyin da ke farke, amma ba ya taɓa irin da Malam ya faɗa.

Kilishin da ake sayarwa a takarda a cinye cikin kwana 2 yana iya zama da ɗan laushi, masu saye ma sun fi son haka. Wanda za a liƙe a leda ya yi wata 2 ba zai zama haka ba. In an lanƙwasa shi ya tsage, zaren naman ya fito fari-fari, kada ya lanƙwasu kamar fata. A gwada a wurin da ya fi kauri. Na hunturu da na damina kuma ba ɗaya ba ne. Da hunturu iska na gama aikin cikin sa'o'i. A watan Agusta rana tana iya fitowa amma iskar cike take da laima, sai naman ya yi kamar ya bushe alhali bai bushe ba. A lokacin sai a ƙarasa a oben ko injin busarwa a digiri 60 zuwa 70, a bar ƙofa a ɗan buɗe tururi ya fita. Kada a ƙara wuta don sauri: zafi mai yawa tun farko yana ƙeƙasar da bayan nama, ya kulle ruwan a ciki.

Dambu kuma, bayan an dafa an daka, a soya kaɗan-kaɗan a kasko mai faɗi, ana juyawa, har sai ƙarar ruwa ta ɗauke gaba ɗaya kuma tururi ya daina tashi. In aka cika kasko, na ƙasa yana soyuwa na sama yana turaruwa. Duk dunƙulen da bai warware ba a cire shi. Albasa da attaruhu ɗanye da ake zubawa daf da saukewa don ƙamshi, a dambun gida ba laifi, a na leda a bar su. A yi amfani da busassu, a sa tun da wuri.

Kada a ɗura da ɗumi. A baza a faranti ya huce sarai a wuri mai iska, a rufe da raga saboda ƙuda. Kayan da aka liƙe da ɗumi yana yin gumi a cikin leda, gumin ya taru a kusurwa, wannan kusurwar ta isa. Akwai gwajin da za ki iya yi a gida: ki liƙe leda ɗaya daga kowane aiki ki ajiye a rana na awa 1, sannan ki kai inuwa. Idan hazo ya bayyana a jikin ledar, aikin bai bushe ba, a mayar. Amma rashin ganin hazo ba shaida ba ce cewa ya isa. Gwajin na kama mai laifi ne kawai.

Malam Habu:

Ɗan Fawa ya kawo abin da ya dace. In ƙara lissafin da ke bayan maganarsa.

Masana ba yawan ruwa kawai suke aunawa ba, suna auna ruwan da ƙwayar cuta za ta iya amfani da shi, wanda ake rubutawa aw. Ruwa zalla 1.00 ne, ɗanyen nama kusan 0.99. Gida na biyu yana tsayawa a 0.97, gida na farko a 0.94. Amma kada a tsaya a 0.94, saboda akwai wata ƙwayar mai zuba guba, Staphylococcus aureus, da ke zuwa daga hannu da hancin ma'aikata, ita tana jure bushewa fiye da haka. Ma'aunin da ake bi ga busasshen naman da zai zauna ba firij shi ne 0.85 ko ƙasa. Akwai ƙaramin inji na hannu da ke auna wannan, kuma sassan kimiyyar abinci a jami'o'i da dakunan gwaji suna yi. Mai son kai kaya kanti da lambar NAFDAC ba shi da mafita sai wannan awo, a kan samfurin damina da na rani duka.

Batun gishiri kuwa, ga lissafin. Kilo 1 na tsoka, ruwansa giram 730. Kika sa gishiri giram 20, wanda ya riga ya ji a baki. Sai a raba 20 da 750, wato gishiri da ruwa a haɗe, ya ba da kashi 2.7 cikin 100. Ina 2.7 ina 10? Kafin gishirin nan ya kai kashi 10, sai ruwan ya ragu zuwa giram 180, wato naman ya zubar da giram 550. Ma'ana gishirin da baki zai iya ci ba ya kariya shi kaɗai, sai bushewa ta tattara shi. A 1895 a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam, a ɓarkewar da masani Emile van Ermengem ya fara gano ƙwayar daga gare ta, naman alade ne da aka jiƙa a ruwan gishiri aka ci ba a dafa ba, mutum 3 suka mutu. Yaji kuma, ko barkono ko kanumfari ko tafarnuwa, kada a lissafa shi cikin kariya sam.

Hajiya Turai:

Maman Ilham, ni a kan sosejin zan yi magana, da gishirin hoda.

Da farko kanwa. A'a, ba ta yi, kuma sa ta ƙara haɗari ne. Ruɗanin ya samo asali ne daga kiran kanwa "fotash" a kasuwa, sai wasu suka ɗauka ita ce fotasiyam naitiret da Turawan da suke adana nama da shi. Kanwa gishirin soda ce, aikinta kashe tsami, shi ya sa take laushi da wake. Tana ɗaga pH sama, ta nesanta nama daga 4.6 ɗin da Malam ya ambata. Haka gishirin Himalaya mai launin hoda da ake sayarwa a manyan kantuna, gishirin miya ne kawai, ba komai a cikinsa na wannan aikin.

Abin da ake nufi shi ne gishirin adana nama mai ɗauke da sodiyam naitirait. Wanda aka fi samu ana rubuta masa Cure #1 ko Prague Powder #1: kashi 6.25 cikin 100 naitirait ne, sauran gishiri, an rina shi hoda don kada a ɗauka na miya ne. Awonsa giram 2.5 ga kowane kilo 1 na nama da kitse a haɗe. Wannan yana ba da miligiram 156 na naitirait a kilo, wanda shi ne iyakar da dokar Amurka ta sa wa niƙaƙƙen nama. Kilo 5 giram 12.5, kilo 10 giram 25. Ba a auna shi da cokali ko da ido. A nemi sikelin da ke nuna giram 0.1. Ba a ƙarawa don a "ƙara tsaro", domin naitirait da kansa guba ne idan ya yi yawa, yana hana jini ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Don haka kada a sayi naitirait zalla daga masu sayar da sinadarai a ce za a haɗa a gida, kuma a kulle gishirin nesa da kicin da yara.

Me ya sa soseji mai hayaƙi ke bukatarsa? An niƙa nama, abin da ke bayansa ya shiga tsakiya. An cusa a hanji ko roba, iska ta fita. An rataye a ɗakin hayaƙi mai zafin digiri 50 zuwa 75, tsakiyarsa tana hawa a hankali cikin sa'o'i, tana ratsa daidai ɗumin da ƙwayar ke so. Naitirait ne ke riƙe irin a wannan tsakanin. Sosejin da za a soya ko a gasa nan take da wuta mai ƙarfi a ci, ba ya bukata.

Ga yadda ake yi a kilo 1: gishirin miya giram 16, gishirin hoda giram 2.5, a narkar da su a ruwan ƙanƙara mililita 100 kafin a zuba, don ya bazu ko'ina. In aka barbaɗa a bushe wani wuri zai samu da yawa wani ya rasa, za ki gan shi a yanka, wani gefe ja wani toka-toka. Nama ya kasance da sanyi ƙwarai lokacin niƙa, kusa da daskarewa. A cakuɗa har ya yi danƙo, a cusa, ya kwana a firij, sannan hayaƙi. Ba a saukewa sai ma'aunin zafi mai tsinke ya nuna digiri 71 a tsakiyar mafi kauri, na kaza 74. In ana samun sinadarin sodiyam eritobet, rabin giram a kilo yana gaggauta aikin naitirait, yana kuma rage sinadaran naitirosamin masu cutarwa da ke fitowa idan aka ƙona irin wannan nama a wuta mai tsanani.

Sanyayawa rabin aikin ce. Daga saukewa a tsoma a ruwan ƙanƙara. Ƙa'idar ita ce tsakiya ta sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, ta kai digiri 5 kafin awa 6 su cika gaba ɗaya. Tulin soseji ko nama mai zafi a cikin kula ko babbar roba mai murfi ba zai taɓa cika wannan ba.

Kuma naitirait ba ya kashe irin, jinkirta shi yake yi, yana kuma raguwa a jikin naman da kwanaki. Sosejin nan ko an liƙe shi a leda kayan firij ne. Mai lamba 2, wato Cure #2, yana da ƙarin naitiret, na sosejin da ake busarwa makonni ne ba a dafa ba. Wannan yana bukatar ɗaki mai sarrafa sanyi da laima da ma'aunin pH, ba abin farawa ba ne.

Injiniya Bala:

Hajiya Turai, ƙarin bayani ɗaya a kan awon, saboda kaya na shigowa daga wurare daban-daban. Gishirin adana nama na Turai, wanda Jamusawa ke rubuta wa Nitritpökelsalz, naitirait ɗinsa kusan rabin kashi 1 ne cikin 100, kuma sau da yawa fari ne. Shi ana sa shi ne a madadin gishirin miya gaba ɗaya, kamar giram 20 zuwa 25 a kilo. Wanda ya sa giram 2.5 na wannan bai sa komai ba. Wanda kuma ya ɗauki girkin Turai ya sa giram 20 na mai kashi 6.25 ya ninka iyaka sau 8. A karanta kason da ke jikin leda kafin a auna. In babu kaso a rubuce, a bar shi a kanti.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu: kwalbar da aka tafasa awa 3, da kuma yadda za a yi da sosejin da ke leda a firij idan aka ɗauke wuta.

Injiniya Bala:

Tafasa a tukunya ba ta yi, ko awa nawa ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, a Jos ma kusan 96 yake tafasa saboda tudu. Abin da tafasar ke yi shi ne ta kori iska ta liƙe murfi, ta kashe masu gasa, ta bar irin. Ta fi rashin yi muni.

Nama a kwalba sai da tukunyar matsi ta musamman, babba, mai ɗaukar aƙalla kwalba 4 masu kusan lita 1 a tsaye, da ma'aunin matsi ko nauyin da ake ɗorawa a bututu, wadda ke kai zafi digiri 116 zuwa sama. Ƙaramar tukunyar firesha ta dafa wake ko ta lantarki ba a dogara da ita, tana saurin zafi tana saurin hucewa, lokutan da aka gwada ba da ita aka gwada ba. Ƙa'idar da Ma'aikatar Gona ta Amurka ta gwada ga gutsattsarin naman sa ko rago ita ce minti 75 ga kwalba mai kusan rabin lita, minti 90 ga mai kusan lita 1. Matsin ya danganta da tudun gari. Tukunya mai nauyi a bututu: matsin fam 10 idan garin bai haura mita 305 daga teku ba, fam 15 idan ya haura. Kano, Zariya, Kaduna, Damagaram da Jos duk sun haura, don haka 15.

A cire kitse gwargwadon iko, a zuba nama da romo ko ruwan zafi, a bar sarari santimita 2.5 a sama, a goge bakin kwalba. Ba a sa fulawa ko wani abin kauri, yana hana zafi ratsawa. Murfi sabo kowane lokaci. Kwalbar mayonis da tsohon murfinta ba ta wannan aikin ba ce. A sa ruwa santimita 5 zuwa 7 a tukunya da faranti mai huji a ƙasa da ake ɗora kwalabe a kai, a bar tururi ya fita ta bututu minti 10 cur kafin a ɗora nauyi, domin iskar da ta maƙale tana sa ma'auni ya nuna matsi alhali zafin bai kai ba. Lokaci yana farawa ne sa'ad da matsi ya cika. In ya sauka ko na ɗan lokaci, a koma farko. An gama, a kashe wuta a bar ta ta huce da kanta, kada a zuba mata ruwa.

Ki lura wannan duk na nama a romo ne. Nama a nutse cikin mai ba shi da lokacin da aka gwada don gida, kuma mai yana kare irin daga zafi. Shawarata a cire shi daga jerin kayan sayarwa. Na gida kuma, ko a yanka ƙanana a soya har ya bushe ƙarau a tsane man a ajiye a abin da iska ke shiga, ana sake soyawa, ko a kasa shi a firiza.

Batun wuta: a sa ma'aunin zafi a cikin firij, kada a dogara da lambar maɓalli. Kayan leda marar iska suna son digiri 3 ko ƙasa. Tsakanin 3 da 8, hukumar abinci ta Birtaniya ta kayyade kwana 10 ga irin waɗannan dafaffun kaya, sai in akwai wata kariyar da aka tabbatar. Firij a rufe yana riƙe sanyi kusan awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kusan awa 48, mai rabi awa 24. Inda wuta ba ta da tabbas, a daskarar da sosejin a digiri 18 ƙasa da sifiri, a aika shi a daskare cikin kula da ƙanƙara. A firij ake narkar da shi, kuma a fasa ledar kafin a fara. Wanda ya kwana da ɗumi a leda a zubar, kada a mayar firiza. Daskarewa ba ta lalata dafin.

Anti Hauwa:

In ƙara ta ɓangaren asibiti, don mai sayarwa da mai ci duka su sani. Alamu sukan fara awa 12 zuwa 36 bayan ci, wani lokaci da wuri, wani lokaci bayan kwanaki. Daga sama suke farawa: gani bibbiyu ko dishi-dishi, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana ta karye, haɗiya ta gagara, sannan kasala ta gangaro wuya da hannuwa har ta kai naman numfashi. Amai ko ciwon ciki na iya zuwa da farko. Galibi ba zazzaɓi, kuma mutum yana cikin hankalinsa, shi ya sa ake ɗaukarsa shanyewar jiki ko a tafi neman maganin iska. In mutum biyu da suka ci abu ɗaya suka fara haka, babban asibiti mai injin numfashi za a nufa nan take, a faɗa wa likita abin da aka ci, a tafi da ragowar a ƙulle. Maganin karya dafin yana tsayar da abin da bai riga ya kama jijiya ba ne kawai, don haka kowace awa tana da daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu kamuwa suna mutuwa. Ba cutar Turawa kaɗai ba ce: a Janairun 2018 NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ta sanar da mutuwar mutum 2 'yan gida ɗaya a Abuja da ake zargin ita ce.

Dafin, ba kamar irin ba, zafi na lalata shi: digiri 85 na minti 5 har tsakiya. Shi ya sa naman kwalbar gida, ko ya yi kyau a ido, ake juye shi a tafasa minti 10 kafin ci. Wannan ba izinin gyara abin da ake zargi ba ne. Leda ko murfi ya kumbura, ruwa ya feso da aka buɗe, kumfa ko wari, kada a ɗanɗana, kada a ba kaji ko kare. A sa safar hannu, a ƙulle a leda biyu, a binne da zurfi. Inda ya zuba a jiƙa da bilic kashi 1 a ruwa kashi 5, a bar shi minti 30 kafin a goge.

Ɗan Fawa:

Maman Ilham, abu ɗaya da bai fito ba: ƙaramar jakar nan mai tsotse iskar oksijin da wasu ke jefawa cikin leda maimakon inji, hukuncinta ɗaya da zuƙe iska, sai kaya ya kai 0.85 ɗin nan. Kuma ledar kilishi ta kasance mai kauri, don gefensa na huda siririya, laima ta shiga a hanya. Kowane aiki a rubuta masa ranar yi da lamba a jikin leda, a ajiye leda 2 a gida har ranar ƙarewarsa ta wuce, yadda in an kira daga Legas da ƙorafi za a san wanne za a janye, wanne za a kai gwaji.